Dalilan da ke sa injin tsohuwar a-kori-kura mutuwa ana cikin tafiya

A hanyoyin da suka haɗa Sharada da Challawa da Zawaciki, da wuya a wuni ba a ga a-kori-kura tsaye a gefen titi ba, bonet a ɗage, kaya jibge a baya, direba na leƙen inji. Bayan rabin sa'a kuma sai a ga ta tashi ta kama hanya kamar ba ita ba. Gobe ko jibi ta sake mutuwa a wani wurin.

Waɗannan motoci su ne jakunan masana'antun Kano. Tirela ce ke kawo kwantena, musamman tun da aka ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a watan Janairun 2023, amma ƙananan motocin ne ke kwasar robobi da katifu da katan-katan daga kamfanonin Sharada da Bompai zuwa Singa da Kantin Kwari da Sabon Gari. Akwai ragowar Peugeot 404 da 504 da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe shi a 1975, akwai tsofaffin Toyota Hilux da Mitsubishi L200 da Nissan, ga kuma 'yan kurkura masu kutsawa lungu. Da yawansu sun haura shekara 20 suna aiki, wasu sun ninka haka.

Injin da ya mutu ya ƙi tashi gaba ɗaya bai cika wahalar da bakanike ba, domin cutar tana nan tana jiransa. Mai wahalar shi ne wanda yake mutuwa ya farfaɗo, har idan an kai shi gareji sai ya yi ta aiki lafiya lau. A nan ne ake fara canki-canka: yau a sauya fulogi, gobe famfon mai, jibi a ce birenbos ce. Mai mota ya kashe kuɗin da ya fi ƙarfin abin da ya lalace, motar kuma ba ta fasa halinta ba. Alhali yadda injin ya mutu, da abin da aka gani a 'yan mintunan da yake mace, su ne suke faɗin inda cutar take.

Kafin a yi zancen gyara

Idan inji ya mutu mota na gudu, abubuwa biyu ne suke sauyawa nan take. Birki yana samun taimako ne daga zuƙar iskar da injin ke yi, don haka abin da ya rage a ganga bai wuce na taku ɗaya ko biyu ba, daga nan sai ya yi tauri. Bai daina kamawa ba, ƙarfin ƙafa kawai yake nema. Saboda haka ba a famfa shi, taku ɗaya ake yi a danne. Sitiyari mai amfani da mai shi ma yana yin nauyi, amma yana juyuwa. Babban kuskure shi ne murɗa makulli baya har ƙarshe da nufin sake tayarwa, domin hakan na iya kulle sitiyarin mota tana tafiya.

Abin da ya dace shi ne a kunna fitilun gargaɗi, a cire giya, a yi amfani da ragowar gudun a gangara gefe, sannan a kafa alamar nan mai kusurwa uku da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta wajabta a nesa da bayan motar. A titin da tireloli ke zirga-zirga dare da rana, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Idan an sa dutse an tokare taya, a ɗauke shi kafin a tafi. Masu babura da yawa sun sha ƙasa a kan duwatsun da direbobi suka bari.

Mutuwa iri biyu

Injin fetur abu uku yake buƙata: mai, iska, da tartsatsin wuta a daidai lokacinsa. Iska ba ta cika yankewa farat ɗaya ba, don haka bincike yakan tsaya tsakanin mai da wuta, kuma kowannensu da irin mutuwarsa.

Idan mai ne ya yanke, injin yakan yi jinya kafin ya cika. Ƙarfinsa ya ragu, ya riƙa tari da fizga, a taka totur ya ƙi amsawa, wani lokaci ya ɗan farfaɗo idan an sassauta ƙafa, sannan ya mutu. Idan kuwa wuta ce ta ɗauke, ba ya sallama. Ana tafe lafiya sai a ji tsit, kamar wani ya miƙo hannu ya kashe makulli.

Allon gaban direba yana ƙara haske a kan wannan. Idan injin ya mutu amma fitilar batir da ta baƙin mai suka kama, to wuta tana isowa makulli, matsalar tana gaba. Idan komai ya ɗauke, allo ya yi duhu, rediyo ta yi shiru, to a nufi kan batir da babban fiyus da makullin kansa. A motar da ke da allurar nuna juyin inji akwai wata shaidar: in allurar ta faɗi ƙasa warwas alhali motar tana cikin giya tana gangarawa, alama ce cewa saƙon wuta ne ya yanke, domin injin yana juyawa amma ba a ƙirga juyin nasa. In mai ne ya yanke, allurar takan sauka a hankali tare da gudun motar.

Sai kuma tambayar yaushe. Shin sai injin ya yi zafi? Sai an faɗa rami? Sai an yi lodi an kama hawa? Sai an sassauta za a tsaya a mahaɗa? Sai mai ya yi ƙasa a tanki? Bayan an ratsa ruwa? Kuma minti nawa yake ɗauka kafin ya yarda ya tashi? Direban da ya riƙe amsar waɗannan ya yi wa bakanike rabin aiki.

Ɓangaren mai

A Kano nan ya kamata a fara, saboda tsufan tankuna da kuma irin man da ake sha. Tankin ƙarfe da ya shekara 20 ba ya rasa tsatsa da laka a gindinsa. Ana cikin tafiya famfo yana zuƙo wannan datti yana tara shi a bakin rariyar da ke cikin tanki har ta toshe. Da injin ya mutu zuƙar ta tsaya, dattin ya saki ya koma ƙasa, bayan minti biyar ko goma motar ta tashi. Wannan shi ne sirrin yawancin motocin da suke mutuwa a kan hawa ko da kaya, amma su yi ta sulo a gareji ba ko gezau, domin man da sulo ke sha kaɗan ne. Sauya filta yana sauƙaƙa abin na ɗan lokaci. Idan aka yanka tsohuwar aka ga jan gari a ciki, maganin shi ne a sauke tankin a wanke.

Murfin tanki ma yana kashe mota, kuma shi ne abin da aka fi mantawa. A tsofaffin motoci akwai 'yar ƙofar da iska ke shiga ta maye gurbin man da aka sha. Idan ta toshe, ko aka sa murfin wata motar, ko aka naɗe bakin da leda saboda yoyo, tankin yakan shaƙe har famfo ya kasa janyo mai. Gwajinsa ba ya cin ko sisi: da motar ta mutu a buɗe murfin. Idan aka ji ya zuƙi iska, motar kuma ta tashi nan take, a yi tafiya da shi a sassauce a gani.

Ruwa a cikin mai yana da nasa salon. Ya fi fetur nauyi, don haka yana kwance a ƙasa, sai an yi kwana ko an girgiza a rami famfo ya kwaso shi. Ana gane shi ta hanyar tsiyayo mai kaɗan a farar kwalba a ajiye. Ruwan zai ware ya kwanta. Yakan shigo daga jarkokin 'yan bumburutu, ko daga tankin gidan mai da ruwan damina ya ratsa. Ba kullum laifin na gefen titi ba ne: a watan Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da ƙima daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, kuma ta gidajen mai aka sayar da shi. Duk motar da ta fara wannan hali kwana ɗaya ko biyu bayan shan mai a sabon wuri, man ne abin tuhuma na farko.

Motoci masu kafireto, irin su 504 da Hilux mai injin 22R, famfonsu a jikin inji yake. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, idan aka daɗe a cunkoso fetur yakan tafasa a cikin bututu ya zama tururi, famfon kuma ba ya iya tura tururi. Tsofaffin direbobi sun san maganin gaggawa: jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon da bututun. Idan hakan ya tayar da motar, to a duba ko an bi da bututun mai kusa da salansa, ko an yar da faifan da ke kare shi daga zafi. Fatar da ke cikin irin wannan famfo ma tana tsagewa. Alamarta ita ce warin fetur a jikin sandar auna baƙin mai, ko a ga baƙin man yana ƙaruwa maimakon raguwa.

Motoci masu nozul kuwa famfonsu na lantarki ne, kuma yawanci a cikin tanki yake zaune, man da ke kewaye da shi ne yake sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, direbobi da dama sun koma shan lita biyar ko goma, iya na zuwa da dawowa. Famfon da ke aiki kullum a tankin da ya kusa ƙafewa yana zafi, yana kuma shan dattin gindi, don haka kwanansa ke ƙarewa da wuri. Kafin ya mutu murus yakan yi makonni yana tsayawa idan ya yi zafi, ya dawo idan ya huce. A yawancin motoci ana jin kukansa na daƙiƙa biyu idan an buɗe makulli, ko da yake wasu tsofaffin Toyota sai an buga kik yake motsi. Idan babu kukan, aka bubbuga gindin tanki da tafin hannu motar ta tashi, famfon ya tona kansa. Sai dai kafin a sauke tanki a fara duba rile da fiyus da soket ɗinsa, domin sau da yawa famfon lafiyarsa ƙalau, wutar ce ba ta isa gare shi. Hukunci na ƙarshe na agogon awon ƙarfin mai ne: injin nozul na neman kusan ba 3, na kafireto kuwa bai kai rabin ba ɗaya ba.

Akwai dabarar da ake gani a hanya ta ɗaura galan a kan rufi ko a gefen direba a jawo tiyo zuwa kafireto. Tana tabbatar da cewa matsalar daga tanki zuwa famfo take, amma mai tafiya da ita yana tafe ne da gobara a cinyarsa.

Ɓangaren wuta

Kayan wuta suna da wata ɗabi'a: zafi yana buɗa ƙarfe, don haka siririyar wayar da ta tsage a cikin kwayil ko sansa tana haɗuwa idan ta yi sanyi, ta rabu idan ta yi zafi. Motar da ke tashi da bugu ɗaya da safe, ta yi tafiyar minti 20 ko 30 ta mutu tsit, ta ƙi tashi sai ta huce, kusan kullum a nan cutarta take.

A motoci masu kwantak, abubuwan zargi su ne kwayil da kwandansa da kwantak ɗin kansa, wanda tazarar bakinsa ya kamata ta kasance wajen milimita 0.4. Kwayil ɗin da ya yi zafin da hannu ba zai iya taɓawa ba abin tuhuma ne. Yawancinsu an yi su ne su yi aiki tare da wata 'yar farar tangaran mai rage wuta. Idan ta ƙone wasu masu rewaya sukan tsallake ta su haɗa kai-tsaye, motar ta tashi, kowa ya yi murna, amma daga ranar kwayil da kwantak suka fara dahuwa. Akwai kuma wata siririyar waya a cikin distirbuta da ke lanƙwasa duk lokacin da aka taka totur; takan karye a cikin rigarta ba a gani. Da damina kuma, murfin distirbuta mai tsaga yana sa wuta ta bi laima ta gudu.

A motocin da suka zo bayan waɗannan, wata 'yar na'ura ce ta maye gurbin kwantak, daga baya kuma aka koma ga sansar karanshaf, wadda ke gaya wa birenbos inda fistin yake. Idan wannan sansa ta yi shiru, birenbos ba ta ba da wuta, ba ta buɗe nozul. Ita ce kan gaba wajen kashe motocin nozul idan sun yi zafi, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na birenbos ɗin da ake yawan ɗora wa laifi ba. Birenbos ba ta cika lalacewa ba sai an yi walda a jikin mota ba a cire batir ba, ko an juya kan batir, ko ruwa ya shige ta.

Gwajin wuta a lokacin da motar take mace ake yin sa, ba bayan ta huce ba. A zare wayar fulogi ɗaya, a sa mata wani fulogin, a jingina shi da ƙarfen inji, wani ya buga kik. Tartsatsi mai shuɗi yana nufin a koma ɓangaren mai. Rashinsa ya rufe zancen famfo da filta. Ba a yin wannan gwaji inda fetur ya zuba, kuma ba a riƙe wayar da hannu. Direban da ke ajiye fulogi ɗaya a aljihun mota saboda wannan ya fi wanda ke ɗauke da akwatin sifanu.

Motar da ke mutuwa idan ta faɗa rami, ko ta ɗauke ta dawo cikin ƙiftawar ido, waya ce ta saki. A fara da kan batir, wanda sau da yawa ake samu an cusa masa ƙusa ko guntun gwangwani don ya kama. Sai wayar as da ta haɗa inji da jikin mota, wadda akan manta a mayar bayan an sauke giyabos. Sai makulli: tarin mabuɗan shago da na sito da ake ratayawa a jikinsa suna cinye cikinsa da nauyinsu. Hanyar kama irin wannan ita ce a bar injin yana sulo, a bi wayoyi da soket-soket ana girgiza su ɗaya bayan ɗaya har a taɓa wadda za ta sa ya yi tuntuɓe.

Kada a manta da na'urar hana sata. Motoci da yawa an sa musu abin da ke yanke wutar famfo ko ta kwayil, wasu ma tun a hannun mai su na farko, wanda ya saya bai sani ba. Ana yanka wayar asali ne a murɗa tata a naɗe da salatif, kuma bayan shekaru wannan murɗin yana saki. Duk wayar da aka gani a ƙarƙashin sitiyari wadda launinta bai yi kama da na 'yan uwanta ba, a bi ta a ga inda ta nufa.

Matsalar caji ba ta ɓuya sosai. Fitilu sukan dushe, hon ya shaƙe, sannan injin ya mutu, kik kuma ya ƙi juyawa. Batir mai lafiya yana nuna wajen bolt 12.6 a kashe, idan inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5.

Na'urar bincike tana taimakawa a motocin da ke da wurin sa ta. Tun 1996 aka wajabta tsarin OBD-II a motocin da ake sayarwa a Amurka, na sauran kasuwanni suka biyo baya. Lambar P0335, alal misali, tana nuni ga layin sansar karanshaf, amma layin ta ce, ba lalle sansar ba. Yana iya zama waya ko soket. Tsofaffin Toyota masu nozul suna faɗin lambarsu ta ƙiftawar fitilar inji idan an haɗa ramukan TE1 da E1. Abin kiyayewa shi ne kada a cire kan batir kafin a karanta, domin a motoci da dama hakan yana goge shaidar.

Idan sai an sassauta take mutuwa

Wannan wani babi ne daban, kuma ya fi sauƙi. Motar da ke gudu lafiya amma ta mutu da zarar an ɗaga ƙafa ko an taka kuloci, matsalar sulo gare ta. A kafireto ƙaramin jet ne ya toshe, ko wayar 'yar na'urar da ke buɗe masa mai ta saki. A injin nozul kuwa baƙin datti ne ya taru a maƙogwaron totur. Idan taka birki ne ke kashe ta, a duba tiyon da ya tafi gangar birki, wataƙila yana shan iska. Ƙurar hunturu tana da hannu a nan: filtar iska da aka yi ta bugewa ana hurawa har ta yage tana barin ƙasa ta wuce ciki.

Injin gas

Injin dizal, irin 3L da 5L na Hilux, ba ya amfani da fulogin tartsatsi, don haka bincikensa ya fi gajarta. Babban abokin gabarsa iska ce a cikin bututun mai. Tiyon da ya tsage tsakanin tanki da filta ba lalle ya yi yoyo ba, domin zuƙa ake yi ta cikinsa, iska ce ke shiga. Idan motar ta mutu aka danna famfon hannu da ke kan filta aka ji shi laɓo-laɓo, sai an yi ta dannawa ya yi tauri sannan ta tashi, to iska ce. Guntun farin tiyo da aka sa kafin injekta yana nuna kumfar ƙuru-ƙuru. Wannan famfon hannun kansa yana cikin masu shigo da iskar idan fatarsa ta tsufa.

A gindin filtar akwai wurin da ruwa ke taruwa, da fitilarsa a allo, kuma ana kwance shi a tsiyaye. Sai kuma waya guda ɗaya tak da ke zuwa kan injekta, wadda ke buɗe hanyar mai idan an kunna makulli. In ta yi sako-sako, injin yana mutuwa tsit kamar na fetur. Masu injin 1KD da 2KD, irin na Hilux ƙirar 2005 zuwa sama, su san cewa nasu tsarin daban ne: ƙarfin man da ke cikin bututunsu ya haura ba 1,000, yana iya huda fatar mutum, don haka ba a sassauta su inji na aiki kamar yadda ake yi wa tsofaffi. A irinsu, bawul ɗin da ke daidaita shigar mai a jikin famfo sananne ne wajen kawo mutuwar sulo da ta tafiya, musamman idan an sha gas mai datti ko wanda aka gauraya da kananzir.

Motocin da aka mayar masu amfani da iskar CNG suna da gwaji a hannu: a mayar da su kan fetur a yi tafiya. Idan matsalar ta ɓace, a koma wurin waɗanda suka haɗa tukunyar.

Wadda ba a sake tayarwa

Akwai mutuwar da ba a yi mata gardama. Idan allurar zafi ta hau ja, ko fitilar baƙin mai ta kama tun injin yana aiki, ko aka ji ƙwanƙwasa kafin ya tsaya, ko kik ya kasa juya shi alhali batir na da ƙarfi, to injin ya fara kamewa ne. Idan ya huce yana iya tashi, kuma wannan tashin ne ke yaudarar direba ya ƙarasa shi. Nan janwe ake kira. Ba a buɗe lagireto da zafi, ba a kuma kwara wa inji ruwan sanyi. Al'adar cire tamostat da sunan ƙasarmu akwai zafi ba ta warkar da lagireton da ya toshe, ɓoye alamar kawai take yi na ɗan lokaci.

A gaban bakanike

Mai motar da ba shi ke tuƙi ba, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin da ya sayi a-kori-kura don ta riƙa kawo masa cefane, yakan ji labarin ne daga bakin direba, direba kuma yakan rage wani abu, musamman inda ya sha mai da kuma yawan lodin da ya yi. Ya fi kyau a ajiye ɗan littafi a motar a riƙa rubuta ranar da ta mutu, da wurin, da yawan man da ke tanki, da mintunan da ta ɗauka. Bayan sau uku ko huɗu, tsarin cutar yakan fito da kansa.

A gareji kuma a nemi bakaniken da zai yarda ya shiga motar da kayan awonsa a zagaya, da kaya a baya in da hali, har ta mutu a gabansa. Kuɗin man wannan zagaye bai kai na famfo ɗaya ba. A fara da abin da ba ya cin kuɗi, murfin tanki da kan batir da wayar as, kafin a kai ga filta da rile, kafin a kai ga famfo da sansa. A riƙa sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya sauya huɗu rana guda, ko motar ta warke bai san wanne ya biya kuɗinsa a banza ba. Aikin waya na mai rewaya ne, na injekta kuma akwai masu shi daban.

Wajen sayen kaya a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, sabo a kwali ba shi ne shaidar nagarta ba. Kwandansa da kwayil da sansa na jabu sun yi yawa, kuma suna iya kawo irin cutar da aka sayo su su magance, har a ɗauka ba a nan matsalar take ba a wuce gaba. Shi ya sa kanikawa da yawa suka fi amincewa da na asali ɗan Beljiyam da aka ciro daga wata motar, muddin an yi sharaɗin mayarwa idan bai yi ba. Tsohon da aka cire kuma a karɓe shi a ajiye a mota, har sai sabon ya yi mako biyu yana aiki da lodi a cikin zafin rana.